Musayar waƙa a kan faifan Millencolin

Ɗan Katako: Cikin kiɗan skate punk, wato kiɗan jita mai gudu na masu hawan katako mai taya, babu faifan da ya kai mini Pennybridge Pioneers na Millencolin, 'yan ƙasar Suwidin. Mai ja ya ja da baiti.

Yaran Örebro kun kafa tuta,
A 2000 faifanku ya fita,
Nikola na waƙa, bas a hannu,
Larzon a ganga ba ya huta.

A gidan gem na fara jin No Cigar,
Tony Hawk na biyu, muna fafata,
Katako mai taya na tashi sama,
Jita biyu na hura masa wuta.

Mai Kaset:
Ƙanena, zauna ka ji bayani,
Smash na Offspring shi ne magani,
A 1994 Kalifoniya ta girgiza,
Kai kuwa kana goye a zani.
Epitaph ne, ƙaramin kamfani,
Ya sai da miliyan 10 da ɗoriya,
Naka nawa ya sayar? Faɗa mini.

Ɗan Katako:
Yaya, ciniki ka zo ko sauraro?
Kana ƙirga waƙa kamar goro!
Gurewitz mai Epitaph ɗin naka,
Shi ya haɗa nawa ya kai shi taro.

Anti Larai: Allah ya ƙara basira, ɗana! Mai Kaset, tashi ka kakkaɓe riga.

Malam Arul: Ku dakata. Ɗangon Mai Kaset na uku ya karye. Alif ɗari tara da casa'in da huɗu kaɗai gaɓa 13 ce, kafin a isa Kalifoniya numfashi ya ƙare. Kuma ya fara ƙwar huɗu ya ƙare da ƙwar uku.

Mai Kaset:
Malam, ni ban yanka shekara ba,
Ba kuma zan rage mata gaɓa ba,
Kiɗan da ke gudu kamar wannan,
Bai jira ma'aunin waƙa na Halilu ba.

Malam Arul: Gudu daban, tuntuɓe daban. Mai gangarsu ma ƙirga yake yi, shi ya sa ba ya ɓata.

Anti Larai: To Malam, ɗangon No Cigar ma ai bai hau amsa-amo ba, amma ɗana ne, a bar shi.

Mai Kaset: Kun ji son kai a fili!

Ɗan Katako: Don Allah mu koma kan faifai.

Ku ji Fox, waƙar so ga babur,
Mai shi na yabonsa ƙwarai,
Wanda ya taɓa wanke nasa da asuba,
Zai gane zancen sarai.

Baffa Na Baya: Salamu alaikum, yanzu na samu data.

'Ya'yana, kun bar tushen gini,
Suffer ta Bad Religion ta 1988 ce asali,
Minti 26, waƙa 15,
Gurewitz na jita, ku yi hankali.

Malam Arul: Baffa, da girmanka, lambobi uku a baiti ɗaya? Karanta mana da baki mu ji.