Zan iya ajiye lissafi mai zurfi in ina son karatun likita?

Assalamu alaikum. Ina SS2 ɓangaren kimiyya a wani ƙauye kusa da Ringim, burina MBBS, wato digirin likita. Lissafi mai zurfi (Further Maths) ya gagare ni: zangon farko maki 38, na biyu 41. Na bi tsofaffin tambayoyin WAEC, na shiga darasin Asabar, amma da an zo kalkulas sai kaina ya kulle. Abin haushin, yana cinye min awa biyu kullum da daddare, Fizis kuma ta sauko zuwa 52.

Na san JAMB Turanci, Fizis, Kemistiri da Bayoloji take nema, kiredit biyar ɗin da ake buƙata a WAEC kuma lissafin gama-gari ne a ciki.

Malamai, in na ajiye shi kafin rajistar WAEC, zai cutar da ni a shekarar farko ta jami'a?