Lambar yabon kaka: wa ya fi riƙe ta?

Dillalin Zango: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi abin da ba za ku so ji ba. Masu tara lambobin yabo na soja sun fi mu jikokin sojan riƙe tarihinsu. Na ga Croix de guerre, lambar yabon sojan Faransa, cikin tarkacen mai sayen ƙarfe, za a auna ta da kilo. Da mai tarawa ya same ta, da yanzu tana cikin gilashi.

Jikar Kaporal: Wa alaikumus salam. Yaya, gilashin wa, a wane gari? Ta kakanmu wani ya biyo har gida a Birni, ya ba kawu jika ashirin, ya haɗa da hoton tsohon ya tafi. Yau ƴaƴana ba su san fuskarsa ba.

Dillalin Zango: Ai ba ƙwace ya yi ba, ƙanwata. Kawunku ne ya miƙa hannu.

Malamin Tarihi: Ku dakata, duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Lambar Faransa ba ta zuwa da sunan mai ita. Juya Croix de guerre, wadda aka ƙirƙiro a 1915, shekaru kawai za ka gani a bayanta. Ingilishi su ne ke buga suna da lambar soja a gefen lambobin bajinta, shi ya sa mai tarawa ke iya bin sawun sojan Najeriya da ya yi yaƙin Bama (Burma) daga ƙarfen kaɗai. Namu sai da takarda: littafin soja, da takardar yabon da ta faɗi ranar da wurin da abin da mutum ya yi. Ƙyallen da lambar ke rataye a kai ma yana magana, ta alamun da ake maƙala masa. Tauraron tagulla yabo ne daga rejima ko birged, na azurfa daga dibiziyo, reshen dabino kuwa daga rundunar gaba ɗaya. Amma bai faɗa maka ko na wane ne ba.

Dillalin Zango: To ka ga ka zo wajena, Malam. Mai tarawa na gaske ba ya raba ƙarfe da takarda, don farashin a haɗe yake.

Malamin Tarihi: Na gaske, nawa ne su? Yawanci ta hannun irinku take bi, takardar ta ɓata a hanya, ko a liƙa wa lambar labarin wani don ta yi tsada.

Baba Ritaya: Yara, ku yi a hankali da zagin waɗanda suka sayar. Dokar da Faransa ta yi a ƙarshen 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojanta na ƙasashen da suka samu ƴancin kai. Bafaranshe nasa na hawa, namu na tsaye wuri ɗaya, ba a daidaita su gaba ɗaya ba sai 2011, bayan an binne mafi yawansu. Na san tsofaffin da suka yi yaƙin Andoshin (yankin Biyetnam) da na Aljeriya suna zama bakin gidan tsofaffin soja da lambobi jere a ƙirji, gida babu hatsi. Wanda ya sayar lokacin fari, me za a ce masa?

Jikar Kaporal: Gaskiya ne Baba, Allah ya jiƙansu. Amma namu kawun babur ya gyara da kuɗin.

Ɗan Sabon Gari: Ni ban ga abin ajiyewa ba. Sojan da suka ci Damagaram a 1899 suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, su ne suka dawo suna rataya wa kakanninmu ƙarfe. Sojan Afirka da suka nemi haƙƙinsu a sansanin Thiaroye, kusa da Dakar, a Disamba 1944 harsashi aka ba su. A sayar kawai.

Baba Ritaya: Ɗana, fushinka da Faransa daban, jinin da mutum ya zubar daban. Seyni Kountché, tsohon shugaban Nijar, ma ta wannan sojan ya biyo, Andoshin da Aljeriya duk ya je. Za ka goge shi daga tarihinmu?

Ɗan Sabon Gari: Allah ya huci zuciyarka Baba, amma ina kan bakana.

Malamin Tarihi: Hajiya, littafin sojan na nan?

Jikar Kaporal: Yana cikin adakar inna, gara ta ci gefe ɗaya.

Malamin Tarihi: Ɗauki hoton kowane shafi yau, musamman mai lambar matirkil, wato lambarsa ta soja, da shekarar da aka ɗauke shi. Takardun aikin sojan Afirka da yawa suna ajiye a Pau, can Faransa, kuma iyali na iya rubutawa su nemi kwafi.

Dillalin Zango: In kwafin ya zo ku nuna mini, ƙila in gano wanda ya sayi lambar.

Jikar Kaporal: Hoton za ka nemo mana, Yaya. Littafin kam ko ganinsa ba za ka yi ba.