Wai Musulunci Ya Haɗiye Al'adar Bahaushe?

Ɗalibi: Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Jiya a majalisar unguwarmu aka kira ni ɗan boko aƙida don na faɗi abin da muke karantawa. Cewa na yi wani Bafaranshe, Emile Durkheim, a littafinsa na 1912 ya yi nazarin mutanen asali na Ostireliya, ya ce aikin addini shi ne ɗaure jama'a wuri guda: ya ware musu abin da ke da alfarma, ya tara su wajen ibada har su ji su tsintsiya ɗaya ce. Ni Musulmi ne, na yi imani addinina wahayi ne, amma ina laifin duba aikin da addini ke yi a cikin al'umma? Masanin tarihi Ibnu Khaldun ma ya ce kiran addini yana ƙara wa daula ƙarfi a kan na asabiyya, wato haɗin kan dangi. Ku duba mu: ranakunmu daga Lahadi zuwa Asabar Larabci ne, ga ragon suna ran bakwai, ga sadaki, ga rabon gado, hatta sallamar da na yi muku. Musulunci ya haɗiye al'adar Bahaushe, iyakar abin da na ce ke nan.

Malamin Zaure: Wa alaikumus salam. Haɗiye fa ka ce? Gyara harshenka, yaro. Musulunci tacewa ya yi. Ya bar mana kunya da kara da zumunci, ya zubar da tsafi. Wanda ya ce haɗiyewa yana nufin an yi mana asara.

Bazazzagi: Allah gafarta Malam, in an tace, me ya sa har gobe ake girka a bori? Na ga wata da idona, an turara ta, mai garaya na kiɗa, ta faɗi tana birgima, kuma da aka kira magariba ta tashi ta yi alwala. Ga Maguzawa nan a ƙauyukan Kano da Katsina. Shehu Ɗanfodiyo kansa kafin jihadin 1804 abin da yake ta yaƙi da shi ke nan, gauraya Musulunci da al'adun da. To ba a haɗiye ba, ba a kuma gama tacewa ba.

Malamin Zaure: Kai kuma me ya kai ka wurin girka?

Bazazzagi: Maƙwabta ne, Malam. Katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Ɗan Dala: Ni dai na san mu Kanawa tun zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, da Wangarawa suka zo daga Mali, muka juya wa gunkin Tsumburbura baya. Waɗansu kuwa sai da suka jira Korau ya kayar da Sarki Sanau a Katsina.

Bakatsiniya: Sannu Ɗan Dala. Ka zo Katsina ka ga hasumiyar Gobarau tukuna. Garin Wali Ɗanmarna da Wali Ɗanmasani kake wa gori? Shehin malami Al-Maghili da kuke taƙama da shi don ya rubuta wa Sarkin Kano Rumfa nasiha, ai mu ma ya zauna a wurinmu. Ku kasuwa kuka iya, karatu namu ne.

Ɗan Dala: Hajiya, kasuwar Kurmi ce ta ciyar da almajiranku.

Ɗalibi: Don Allah maganata a kan aikin addini a cikin al'umma ce, ba Kano da Katsina ba.

Uwar Biyu: Bari in tambayi mai cewa an haɗiye. Lefe a wane littafin fiƙihu yake? Kamu fa, da gara, da wankan jego, da tashen da yara ke yi bayan goma ga azumi? Duk namu ne na gado, suna nan daram.

Tuzuru: Yauwa Hajiya, tunda kin ce ba addini ba ne, a soke lefe mu samu mu yi aure. Akwati shida ake nema a wurina.

Uwar Biyu: A soke lefe a bar gara ko? Uban yarinya ya yi gado da katifa da kujeru da jere, kai ka shigo da sadaki kawai? Ka ji tsoron Allah.

Tuzuru: Ni ban ce a kawo mini gara ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, a dakata haka. Abin da aka cimma: kalmar haɗiyewa kuskure ce, Malam ya yi daidai, tacewa aka yi. Maganar bori ba hujja ba ce, aikin jahilai ne. Ɗalibi ya rage ɗauko mana maganganun Turawa. An kuma tabbatar Kano ta riga kowa karɓar Musulunci a ƙasar Hausa. Batun lefe a kai shi zauren mata.

Bakatsiniya: Wa ya tabbatar? Shugaba, kai ma ai ɗan Fagge ne. Ban yarda ba, kuma gobe zan kawo hujjata.