Faba-faba na neman raba ni da aikina, ku ba ni shawara

Maman Nafisa: Assalamu alaikum ƴan uwa. A Kirkisoy nake zaune a nan Yamai, can hayin kogi. Da can a Bukoki muke haya, sai maigidana ya rasu, mai gidan ya ƙara kuɗi, yayata ta ce in dawo wajenta da yara uku, ta ba ni ɗaki da rumfa, ko dala ba ta karɓa, ita ce ma ke kai ƙaramar lakwal. Aikina kuwa yana Wadata, shagon ɗinki. Kullum mota biyu zuwa, biyu dawowa. Shekaranjiya faba-faba, ƙaramar bas ɗin haya da nake shiga, ta mutu mana a tsakiyar gadar Kennedy. Ƙofarta da igiya aka ɗaure, ƙarfen kujera ya yaga mini zane, yaron mota yana ɗura ruwa daga jarka tururi na tashi, daga baya aka ce maza su sauka su tura. Mai shago ya ce in na sake makara in nemi wani wuri. Wallahi barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

Alhaji Sani: Wa alaikumus salam. Ƴata, maganin abu ɗaya ne, ki sayi moto, wato babur. Motocin faba-faban nan sai da suka gama aiki a Turai aka kawo su nan, ba gyaran da zai tashe su. A 2024 an sauke litar mai daga sefa 540 zuwa 499. Ki lissafa abin da kike zubawa a wata, ki gani.

Rabi: Ni ƙarfe nawa kike fitowa ma? Ba ki faɗa ba.

Malam Isuhu: An sauke mai, amma wa ya sauke mana kuɗin mota? Ni daga Talaje nake, mai taksi ya ji inda za ka, ya ce sai kuɗin mutum biyu, in ka yi magana ya ja motarsa. Bas ɗin birni kuwa na manta rabon da in gan ta a layinmu.

Maman Nafisa: Alhaji na gode, amma ban iya tuƙi ba, kuma adashen da nake zubi na kuɗin makarantar yara ne.

Alhaji Sani: Kwana uku ake koyo. Mata nawa ke tuƙi a Yamai? Ki ɗauki adashen, makaranta ta jira wata guda.

Hajiya Zali: Haba Alhaji, mace mai marayu za ka tura cikin cunkoson Katako a kan moto? Ɗan ƙanwata wata huɗu yana kwance da karaya. Ƙanwata, ki nemi ɗaki kusa da aikinki kawai.

Maman Nafisa: Hajiya, in na bar gidan Yaya wa zai riƙe mini yara? Kuma hayar ce ta kore ni tun farko.

Abdu ɗalibi: Mama, gada uku ce yanzu. Ta Kennedy tun 1970 take, hannu ɗaya zuwa ɗaya dawowa, mota guda ta tsaya kowa ya tsaya. Ki gwada kabu-kabu ta gada ta biyu da ƴan Sin suka gina, ta fi faɗi. Mu ƴan jami'a haka muke yi ranar jarrabawa.

Maman Nafisa: Ɗana, kuɗin kabu-kabu kullum ai ya cinye ɗinkin. Rabi, ina fitowa ne bayan na gama abincin yara, ba zan bar su da yunwa ba.

Rabi: To ki dafa da dare mana.

Maman Nafisa: Da wannan zafin? Kafin asuba ya lalace, wuta ma ba ta zama.

Alhaji Sani: Kowace shawara kin samo mata amsa. Ni dai na faɗa, moto.

Malam Isuhu: Yau ma awa guda na yi a bakin titi.

Maman Nafisa: Gobe Litinin ce. Akwai wanda ke bi ta Wadata daga hayi da safe, ko mu raba kuɗin mai?