Watch the Throne: me ya canza a sutura, kuma yaya ake haɗa irin kayan?

Tambaya daga Ɗan_Gambara

Assalamu alaikum. Ana yawan cewa kundin Watch the Throne na Jay-Z da Kanye West, wanda ya fito a Agustan 2011, shi ya shigar da mawaƙan gambara cikin manyan gidajen ɗinki na Faris. To amma ai tun kafin nan mawaƙa suna ambaton Gucci da Versace a waƙa. Mene ne ainihin sabon abin da kundin ya kawo? Sannan baƙar rigar nan mai ƙaton zane a ƙirji da siket ɗin fata da Kanye ya riƙa sawa, yaya ake yin su, kuma me ya sa na kwaikwayo ke saurin lalacewa?

Malam_Faifai

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ambaton suna daban, aiki tare daban. A da mawaƙi zai sayi kaya ya yabe su a waƙa, gidan ɗinkin kuwa sau da yawa ko kallonsa ba ya yi. A wannan karon Riccardo Tisci, wanda ya jagoranci zane a gidan ɗinkin Givenchy na Faris daga 2005 zuwa 2017, shi da hannunsa ya tsara bangon faifan: ruwan zinariya zalla, zane mai tasowa, gefen dama daidai da na hagu, babu hoton kowa a kai. Virgil Abloh ne ya kula da fasalin aikin baki ɗaya, har aka sa sunansa cikin 'yan takarar Grammy na tsarin bangon faifai a 2012. Kundin ya hau lamba ɗaya a Amurka da kwafi 436,000 a makon farko, ka ga hannaye nawa aikin Tisci ya shiga lokaci guda.

Amma a ganina dandamali ne ya yi babban aikin, ba faifan ba. Rangadin waƙoƙin kundin ya fara a Atlanta a ƙarshen Oktoban 2011, ya ƙare a Ingila a Yunin 2012. Kusan kowane dare Kanye yana fitowa da shiga iri ɗaya: baƙar tishat mai faɗi da tsawo, siket ɗin fata na Givenchy zuwa gwiwa, matsattsen wandon fata a ƙarƙashi, sai kambas ɗin Nike Air Yeezy 2 wanda bai shiga kasuwa ba sai Yunin 2012. Jay-Z bai bi shi can ba, ya tsaya a baƙar riga da hular hana-sallah. Wannan siffa ta sama da faɗi, tsakiya da tsawo, ƙafa a matse, takalmi da girma, ita matasa suka ɗauka. Wanda ba zai iya sa siket ba sai ya sa doguwar tishat mai sauka har cinya, ko gajeren wando a kan matsattse. Dogayen rigunan da suka cika kasuwa daga 2013 zuwa 2016 daga nan tushensu yake.

Ka kuma dubi waɗanda ke bayan fage. Abloh ya kafa kamfanin sutura na Pyrex Vision a 2012, ya kafa Off-White a Milan a 2013, a 2018 ya zama mai tsara kayan maza na Louis Vuitton. Don C, wani na kusa da Kanye, ya fito da Just Don, huluna masu baki na fatar mesa, a 2011. Matthew Williams, wanda ya yi aiki da Kanye a wannan zamani, shi ya karɓi Givenchy ɗin kanta a 2020.

Hajiya_Zare

Malam ya faɗi gaskiya, sai dai kada a ɗora wa kundi ɗaya abin da ya girme shi. Mawaƙan gambara Run-DMC sun ƙulla yarjejeniya da Adidas tun 1986. Dapper Dan yana ɗinka wa mawaƙa kaya da tambarin manyan gidaje a unguwar Harlem ta New York daga 1982 har aka rufe shagonsa a 1992. Jay-Z kansa ya sayar da Rocawear, kamfaninsa na sutura, a 2007 kan dala miliyan 204. Baƙar rigar mai hoton karen Rottweiler a ƙirji ma Givenchy ta nuna ta a Faris a Janairun 2011, watanni bakwai kafin kundin. Kundin ya tallata ta ne, bai haife ta ba. Kuma a Oktoban shekarar Kanye ya nuna kayan mata na kansa a Faris, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Ƙofar ba ta buɗe dare ɗaya ba.

Abin da na yarda ya canza shi ne farashi. Mutane sun amince tishat ta auduga da kambas su kai kuɗin kwat. Abloh ya sayi ragowar riguna masu gidan dara na Ralph Lauren a kan kimanin dala 40, ya buga PYREX da lamba 23 a baya, ya sayar dala 550.

Usta_Mai_Bugu

Bari in amsa ɓangaren rigar, don nan ake yawan asara.

Fara da yadi. Auduga zalla, nauyin giram 180 zuwa 220 a murabba'in mita. Ƙasa da haka babban zane zai rinjaye ta, ƙirjin ya riƙa lotsawa. Ka guji wadda aka gauraya da foliyesta: da zarar zafi ya haura digiri 140 ko kusa, rinin foliyesta yana tashi ya shiga tawada, farinka ya koma toka-toka, wani lokaci sai bayan kwana biyu ko uku zai nuna.

Baƙin yadi yana shanye launi, don haka dole a fara shimfiɗa farar tawada a ƙasa, da raga (abin da ake tura tawada ta cikin idanunsa zuwa kan yadi) mai lamba 110 zuwa 156. A ɗan busar da ita na 'yan daƙiƙoƙi har ta daina manne wa yatsa, kada ta gasu, in ta gasu launin sama ba zai kama ba. Sai a bi da launuka ta raga mai laushi, 230 zuwa 305, domin inuwar gashin dabba da haƙora da ɗigo-ɗigo ake fitar da su. Farin ƙasa a rage masa baki kaɗan, in ba haka ba zai leƙo ta gefen zanen kamar alli.

Gasawar ƙarshe ita ce komai. Tawadar roba ta filastisol tana so ta kai digiri 160 har cikin kaurinta, ba samanta kawai ba. Yawancin na kwaikwayo a nan suke faɗuwa: sama ya bushe, ciki ɗanye, wanki uku zane ya tsage. Gwajin mai sauƙi ne, in ta huce ka ja yadin da hannu biyu. In ta miƙe ta dawo, ta nuna. In ta dare, a mayar.

Zanen da ya haye kafaɗa ko ya zagaye wuya, irin taurarin Givenchy, a kan yankakken yadi ake buga shi kafin a haɗa. In ka buga a kan ɗinkakkiyar riga, tudun ɗinki yana ɗaga raga, tawada ta taru a wani wuri ta tsallake wani. Zane mai dama da hagu iri ɗaya kuwa ba ya yafe kuskure: karkatar rabin santimita daga tsakiyar wuya ido zai gani. Ninke rigar biyu, goga layin tsakiya, ka daidaita da shi.

Tela_Fata

Siket da wandon, fatar ɗan rago ce mai kaurin milimita 0.6 zuwa 0.9. Wadda ta fi haka ba ta karɓar kalmasa, sai ta tsaya kamar kwali. Allurar fata za ka sa wa keke, tazarar ɗinki milimita 3 zuwa 4. In ka matse ɗinkin, ramukan za su haɗe fatar ta yage a kan layi. Ba a soka mata fil, da maƙali ake riƙewa, kuma ramin da allura ta huda ya zauna ke nan, ba warwara. Kalmasa da guduma ta katako da ɗan gam ake kwantar da ita, dutsen guga kai tsaye yana ƙona fuskar fata.

Na kwaikwayo fatar roba ce, wato yadi da aka shafa wa roba a sama. Gumi da laima suna cinye robar, cikin shekara biyu zuwa uku ta fara saɓulewa daga gwiwa da ƙugu, ko da a rataye take. Ba ta da gyara.

Ɗan_Gambara

Na gode ƙwarai. Usta, ruwan zinariya irin na bangon faifan fa, yana zama a kan riga?

Usta_Mai_Bugu

Yana zama, amma ba zai taso kamar na bangon ba, don wancan ƙarfe biyu ne, mace da namiji, suke matse kwali a tsakaninsu. A riga gam ake bugawa ta raga mai faɗin ido, a gasa shi, a ɗora takardar zinariya, a danne da injin zafi a digiri 150 zuwa 165 na daƙiƙa 10 zuwa 15, a bari ya huce sarai kafin a ɓare. In ka ɓare da zafi zai fito da ramuka. Ka kauce wa layukan da ba su kai milimita ɗaya ba, su ne ke fara zubewa. Wanki da hannu, ruwan sanyi, a juya cikin rigar waje, guga ma ta baya.