WhatsApp ya isa harkar kasuwa, ko sai an koma irin su Teams?

Abban Siyama: Salam jama'a. Muna da shaguna a Kwari da sito a Sharada, komai a guruf ɗin WhatsApp muke yi. Ɗan yayana da ya gama BUK ya matsa wai mu koma Slack ko Microsoft Teams, wato manhajojin hirar aiki na ma'aikata. Wanda ya taɓa gwadawa don Allah ya ba mu labari.

Sani Farm Centre: Alhaji kar ka wahalar da kanka. Mu ma wani ya taɓa kawo mana wata babbar manhaja, sai kowa ya buɗe imel, ga faswod, ga turanci, yaran shago kuwa rabinsu voice kawai suka iya, a danna a yi magana a tura hoton rasit shikenan. Ba a jima ba kowa ya sulale ya koma inda ya saba. Kuma kwastoma ai a WhatsApp yake, ba zai bi ka wani waje ba.

Maman Khalil: Ni ofishin da nake aiki a Nassarawa GRA Teams muke amfani da shi kuma gaskiya yana da rana. Kowane aiki da ɗakinsa, takardu na nan a ajiye, mitin ma a ciki ake yi, ba wai ka shiga neman lissafin jiya ka tarar an cika guruf da barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure ba. Amma fa ofis ne ke biya, kuɗin kuma kan kowane mutum ake lissafa shi duk wata, kuma kusan kowa na da laftof.

Baba Ɗanlami Singa: Ku tsaya ku ji wadda ta same mu. Yaron da ke karɓar oda da layinsa yake yi, ranar da ya bar aiki ya tafi da wayarsa, lambobin dilolinmu na Maraɗi da Damagaram da hirar wa ya biya wa ake bi bashi duk suna ciki, sai da muka haɗa shi da mahaifinsa kafin ya turo mana sikirinshot. A manyan manhajojin nan kamfani ne ke da akawun, mutum na tafiya a rufe nasa, bayanai su zauna. Wannan kaɗai ya isa a duba su.

Sani Farm Centre: Baba ai wannan maganinsa layin shago. A sayi sim da sunan mai shago a sa WhatsApp Business, ana iya haɗa shi da wasu na'urori har 4, ga katalog ga lebul na wanda ya biya da wanda bai biya ba.

Ummi Zoo Road: Slack na kyauta saƙon kwana 90 kawai yake nuna maka, mai bin tsohon bashi ya san da wannan. Mu a shagon ɗinki guruf biyu muka yi a WhatsApp, na oda admin kaɗai ke rubutu, ɗayan kuma a yi ta surutu.

Abban Siyama: Na gode ƙwarai. Malam Sani in na shigo Farm Centre gobe bayan la'asar za ka haɗa min na layin shagon? Akanta da mai sito kuma zan bar ɗan yayan nawa ya gwada musu Teams ɗin mu gani.