Wa ya auna zafin duniya shekara 125,000 da suka wuce?

Malam Isa: Jama'a, wai shekara 125,000 da suka wuce, a tsakanin zamunnan ƙanƙara biyu, duniya ta ɗumama har teku ta ɗara ta yau da mita 5 zuwa 10. Wa ya je ya auna? Shi kansa ma'aunin zafi bai kai shekara 500 ba. Ni dai shaci-faɗi nake gani an sa masa babbar riga.

Hajiya Binta: Haba Malam, ai ko ba ka ga ɓarawo ba, sawu ya isa. Dusar ƙanƙarar tsakiyar Antatika ba ta narkewa, ta bana ta danne ta bara, iska ta maƙale a tsakani. A wani wuri can da ake kira Dome C an haƙo sandar ƙanƙara da ta haura kilomita 3, tarihin shekara 800,000. Ka ɗaga guntun da ba na can ƙasa sosai ba a haske, za ka ga kumfa ƙanana birjik. Ka jefa a ruwa, ka ji yana ƙas-ƙas, tsohuwar iska na fita. Da ita aka san kabon dayoksaid na lokacin kusan 280 ne cikin miliyan. Yau ya wuce 420.

Malam Isa: Iska na yarda, an kama ta da hannu. Zafi fa? Shi ma ya maƙale a kumfar?

Sadiƙ: Baba Malam, nan kana da 'yar gaskiya. Ba zafin ake samu kai-tsaye ba. Oksijin ɗin da ke cikin ruwa iri-iri ne, akwai mai nauyi da marar nauyi, kuma in sanyi ya tsananta mai nauyin kan ragu a dusar da ta zuba. Sai a yi lissafi da yadda abin yake a yau, a ɗauka haka yake a da. Aikin haƙar ƙanƙara na NEEM a Girinland, a 2013, ya ba da ƙarin digiri kusan 8 a wurin. Amma ƙanƙarar ƙasan a nannaɗe aka same ta kamar tabarma, sai da aka gwada ta da ta Antatika aka jera shekarun.

Malam Isa: To kun ji! Digiri 8, ba mota ba masana'anta. Me ya sa yau ake ɗora wa hayaƙi?

Hajiya Binta: Ka canza magana, Malam. Ɗazu ba a auna ba, yanzu kuma ka rungumi awon. Wannan 8 ɗin na wuri ɗaya ne. Duniya gaba ɗaya, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, ya ce digiri 0.5 zuwa 1.5 sama da kafin zamanin masana'antu. Dalili kuwa yanayin yadda duniya ke zagaya rana a lokacin ne, ya sa rana ta fi dukan arewa a bazara. Har ƙasusuwan dorina na wancan zamanin an tono a dandalin Trafalgar, tsakiyar Landan.

Sadiƙ: Teku kuma shaidarta murjani. Ba ya rayuwa a tudu, amma ga matattunsa sama da ruwa a Bahamas da yammacin Ostireliya, an gano shekarunsu da sinadarin yuraniyom da ke cikinsu. Matsalar, ƙasa ma motsi take. Nauyin ƙanƙara ya danna nan, can ya bulluƙo. Shi ya sa tazarar mita 5 zuwa 10 ɗin ta yi faɗi haka.

Malam Isa: Dorina na karɓa, ƙashi ba ya ƙarya. Mita 10 ɗin nan kuwa ku riƙe abinku.

Hajiya Binta: Mun riƙe. Mita 5 ɗin fa, wa zai ɗauka?